Gwiwata tana zamewa tun da na ji ciwo a filin ƙwallo: in koma ɗori ko in tafi asibiti?

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, ina gyaran waya a Adum. Sati bakwai da suka wuce muna ƙwallo a filin unguwa, na kafa ƙafar dama na juya zan yanke wani, babu wanda ya taɓa ni, sai na ji ɗas a cikin gwiwa na faɗi. Kafin magariba ta kumbura suntum. Baba ya kai ni wurin mai ɗori, ya gasa da ruwan zafi, ya murza da man kaɗe, ya ɗaure da kara har sati biyu. Kumburi ya sauka kuma ina tafiya, amma in zan sauko daga motar haya ta trotro ko in juya da sauri sai gwiwar ta zame, sau uku tana kayar da ni. Zaman tahiya ya gagare ni. Na yi hoton ƙashi an ce babu karaya. Baba ya ce in koma a sake ɗori, wai in aka yi mini aiki a asibiti ƙafar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Abokina ya yi targaɗe a idon sawu, wannan mai ɗorin ya duba shi, cikin sati uku ya koma fili. Me ya sa ni ban warke ba? Zan ƙara buga ƙwallo kuwa?

Ɗan'uwanku daga Aboabo

Wa alaikumus salamu, ƙanenmu. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Abubuwa huɗu da ka faɗa duk wuri guda suke nunawa. Ka juya a kan ƙafar da ke kafe a ƙasa ba tare da an buge ka ba, ka ji ƙara daga ciki, gwiwar ta cika cikin 'yan awoyi, yanzu kuma tana zamewa. Duk likitan ƙashi da ya ji wannan bayani, abin da zai fara zuwa ransa shi ne jijiyar tsakiyar gwiwa ta gaba ta tsinke, wadda za ka ji ana ce mata ACL a asibiti. Sai an taɓa gwiwar da hannu za a tabbatar, amma in haka ne, ƙashinka lafiya lau yake. Shi ya sa hoto bai nuna komai ba, shi ya sa kuma sake ɗori ba zai amfane ka ba.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Bakin kowannensu lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, irin farin nan mai sheƙi da kake gani a kan gaɓar ƙafar saniya idan mahauci ya raba ta. Kaurinsa 'yan milimita ne kawai, jini ba ya ratsa shi, kuma in ya goge ba ya dawowa yadda yake. Wani tantani ya kewaye gaɓar gaba ɗaya, yana fitar da ruwa mai yauƙi da ke hana ƙashi cin ƙashi. A lafiyayyar gwiwa ruwan nan bai cika cokalin shayi ba. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kuma akwai wani guringuntsin daban, guda biyu masu tauri, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, likitoci suna ce musu meniskus. Aikinsu aikin gammo ne a kan mai dako a kasuwar Kejetia: su rarraba nauyi kada ya taru wuri ɗaya.

Abin da ke riƙe ƙasusuwan kada su rabu shi ne jijiyoyin ɗauri guda huɗu. Biyu suna gefe da gefe, ta ciki da ta waje, su ke hana gwiwa karkacewa hagu ko dama. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna. Ta baya tana hana ƙwauri komawa baya. Ta gaba, wadda muke zargi, tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, ita ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗawa a ƙarƙashin cinya. Tafiya miƙaƙƙiya ba ta cika buƙatarta ba, don haka kake iya zuwa shago ka dawo. Amma da zarar ka juya, ko ka diro a kan ƙafa ɗaya daga mota, sai ƙwaurin ya goce ya koma, ka ji ƙafar ta ƙwace maka. Kumburin da ya zo kafin magariba kuwa jini ne, ya zubo daga ƙananan hanyoyin jinin da ke jikin jijiyar. Kumburin da ruwa ya kawo yakan taru a hankali, sai washegari ake ganinsa.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba, ya warke. Sai dai ciwonsa daban, naka daban. Yawancin targaɗen idon sawu yana faruwa ne idan tafin ƙafa ya lanƙwashe ciki, sai jijiyar da ke gefen waje ta miƙe fiye da ƙima ko ta ɗan yage. Wannan jijiya tana cikin nama mai wadatar jini, jinin da ya zuba yana daskarewa a wurin ya zama gadar da sabon nama zai bi, cikin sati 2 zuwa 6 ta haɗe, ko an je ɗori ko ba a je ba. Haka jijiyar gefen ciki ta gwiwa take, ita ma yawanci hutu da takalmin gwiwa na 'yan makonni sun ishe ta. Ta tsakiya kuwa a cikin ruwan gaɓa take kwance. Ruwan yana hana jini daskarewa, bakunan da suka tsinke su janye da juna, shi ya sa ba kasafai take komawa yadda take ba. Babu murza ko man shafawa da zai kai can, don tsakanin fata da ita akwai ƙoƙon gwiwa da kitse da tantani.

Ba mu raina masu ɗori ba, mutane da yawa su suke fara samu a unguwa, kuma hutun da aka sa ka yi ya taimaka kumburi ya sauka. Amma abu biyu sun cuce ka. Ruwan zafi da murza a kwana ukun farko suna buɗe hanyoyin jini, su ƙara zubar jinin da ake son ya tsaya. Abin da ya dace a lokacin shi ne sanyi: ledar fiya wata da ta daskare a nannaɗe ta da tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku, a naɗe gwiwar da bandeji mai talewa ba tamau ba, a ɗaga ƙafar ta fi ƙirji tsawo in an kwanta. Na biyu, ɗaure gwiwa a miƙe sati biyu yana sa ta sandare, tsokar cinya kuma ta zube da sauri. Ka ari tef ɗin awo wurin tela, ka auna santimita 15 daga saman ƙoƙon gwiwa, ka zagaye cinyar a nan, ka yi haka a ɗaya ƙafar. Za ka iya samun ta dama ta ragu, alhali wannan tsoka ita ce abin da ya rage yana tsare maka gwiwar. Komawa a sake ɗaure ta gyaran gangar Auzinawa ne. Kada kuma ka yarda a yi maka tsaga ko ƙaho a kan gaɓar, in ƙwayar cuta ta shiga ruwan gwiwa tana iya cinye guringuntsin cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarka shi ne faɗuwar nan sau uku. Duk lokacin da gwiwar ta zame, ƙashin cinya yana niƙa meniskus da guringuntsin da ke ƙarƙashinsa. Dama kusan rabin masu tsinkewar wannan jijiya suna samun yagewar meniskus tare da ita tun ranar farko, kuma kowace zamewa tana ƙara ɓarna. Gefen waje na meniskus, kusan kashi ɗaya cikin uku, shi kaɗai jini yake kaiwa, shi ake iya ɗinkewa ya kama. In yagewar ta shiga ciki, sau da yawa sai dai a datse abin da ya yage, kuma gwiwar da ta rasa wani ɓangare na meniskus tana saurin kamuwa da amosanin gaɓa tun mutum bai tsufa ba. Gazawarka a zaman tahiya tana iya zama sandarewa ce daga ɗaurin, ko sauran ruwa a ciki, ko yagewa a bayan meniskus, wurin da yake matsuwa idan an naɗe ƙafa gaba ɗaya. Saboda haka daga yau babu ƙwallo, ko ta wasa da yara a ƙofar gida. Babu tsalle, babu dirowa daga mota kafin ta tsaya. In za ka sauka matakala ko mota, ƙafa mai ciwo ce ke fara sauka kana riƙe da ƙarfe, in za ka hau kuma lafiyayyar ce gaba. In za ka juya, ka ɗaga ƙafafu ka juya da jikinka duka, kada ka murɗa a kan wadda ke ƙasa.

Ka nemi likitan ƙashi. A Kumasi babban wurin shi ne asibitin koyarwa na Komfo Anokye, akwai sashen ƙashi da raunuka, akwai kuma sashen fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓɓai. Ka fara karɓo takardar turawa daga asibitin da ka yi hoto, ka tafi da hoton, ka tabbata katinka na inshorar lafiya, wato NHIS, bai mutu ba, ana sabunta shi ta waya da *929#. Ka tambaya tun farko abin da katin ya ɗauka da abin da za ka biya da aljihunka, don ka san shirin da za ka yi. Ka sa gajeren wando a ciki. Likita zai kwantar da kai, ya ɗan lanƙwasa gwiwar kamar digiri 20 zuwa 30, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwaurin gaba da ɗayan. Ana kiran wannan gwajin Lachman. Idan jijiyar tana nan, ƙwaurin zai ɗan motsa ya tsaya cak. Idan ta tsinke zai taho gaba ba tare da wani abu ya tare shi ba. Ka saki jikinka lokacin gwajin, in ka ƙanƙame tsoka sakamakon yana ɓoyewa. Zai kuma danna layin gaɓar ta ciki da ta waje yana neman zafin meniskus, ya gwada jijiyoyin gefe.

Hoton ƙashi ƙashi kawai yake nunawa. Mai nuna jijiya da meniskus wani hoto ne daban da ake kira MRI, kuma yana da tsada. Ba dole ne ka yi shi kafin ka fara motsa jiki ba, hannun ƙwararren likita ya isa a fara. Inda ya zama dole shi ne in ana shirin tiyata, ko gwiwar tana maƙalewa.

Ko za a yi aiki ko ba za a yi ba, matakin farko ɗaya ne: gwiwa ta miƙe sosai, ta lanƙwashe sosai, kumburi ya tafi, cinya ta dawo. Ga abin da za ka fara a gida kafin ka ga mai fisiyo. Ka zauna a tabarma ka miƙe ƙafa, ka sa naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin diddige, gwiwar tana lilo babu abin da ya tokare ta, ka bar ta ta nitse da nauyinta minti 5 zuwa 10. Wannan ke dawo da miƙewa, kuma ita ce ta fi muhimmanci, domin gwiwar da ba ta miƙewa duka tana sa ɗingishi na dindindin. Kada ka riƙa kwana da matashi a ƙarƙashin gwiwa, daɗinsa na ɗan lokaci ne, yana ƙara sandarewa. Daga nan ka matse tsokar gaban cinya kamar za ka danna bayan gwiwa a ƙasa, ka riƙe daƙiƙa 5, ka saki, sau 10. Ka sa ido a kan ƙoƙon gwiwa, in yana ɗan hawa sama to tsokar tana aiki. Sai ka kwanta rigingine, ka matse cinyar, ka ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa, ka sauke a hankali, sau 10. Na ƙarshe, ka jawo diddige zuwa ɗuwawu yana gogar tabarma har inda ka ji ta ja, ka tsaya daƙiƙa 10, ka mayar. Ka yi wannan zagaye sau uku a yini. Bayan sati biyu ko uku, in babu kumburi, sai a ƙara tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, tuƙa keke a shimfiɗaɗɗen wuri ko na ɗakin motsa jiki, ƙarfafa tsokar bayan cinya, da tsayuwa a ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kusa da bango. Ɗan zafi kaɗan lokacin motsi ba laifi. In ka wayi gari gwiwar ta fi jiya kumburi, ka wuce gona da iri, sai ka rage rabi na kwana biyu ka sa ƙanƙara. A shago kuma kada ka zauna a gajeren benci gwiwa a naɗe tun safe har la'asar, ka tashi ka taka duk bayan rabin awa.

Maganar tiyata ba a yanke ta da gaggawa, kuma ba kowa ke buƙatarta ba. A wani bincike da aka yi a Suwidin aka buga a 2010, an raba matasa 121 masu wannan rauni gida biyu: wasu aka yi musu aiki da wuri tare da motsa jiki, wasu aka fara da motsa jiki kawai aka bar aiki sai in ta kama. Bayan shekara biyu babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu, kuma da aka bi su har shekara biyar, kusan rabin rukuni na biyu ba a yi musu aikin ba. Saboda haka ka ba motsa jiki wata uku cur, da gaske, ƙarƙashin mai fisiyo. In gwiwar ta daina zamewa kuma ka haƙura da ƙwallon gasa, kana iya zama lafiya haka. In ta ci gaba da zamewa a harkar yau da kullum, ko an ga yagewar meniskus da za a iya ɗinkewa, ko kuma ranka yana kan komawa fili, to a shekarunka shawararmu ita ce a yi aikin. Ƙwallo wasa ne na yanka da juyi, kuma gwiwar da ta riga ta kayar da kai sau uku ba mu ga za ta jure masa haka ba.

Ba a ɗinke tsohuwar jijiyar a yawancin lokuta, sabuwa ake dasawa. Ana ɗebo agara daga jikinka, ko daga tsokar bayan cinya ko daga tsakiyar wadda ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda hanya a ƙashin cinya da na ƙwauri, a zura ta a kafe. Da na'urar leƙe ake yi ta ƙananan ƙofofi, ba a farke gwiwar gaba ɗaya. Tsoron Baba yana da tushe, ana samun gwiwar da ke sandarewa bayan aiki. Amma abin da ya fi kawo haka sananne ne: a yi aiki a kan gwiwar da take a kumbure kuma a sandare, ko mutum ya watsar da fisiyo bayan an sallame shi. Don haka motsin da za ka fara yanzu shi ne kariyarka. Bayan aiki akan yi kamar sati biyu da sanduna, fiye da haka in an ɗinke meniskus. Sassarfa sai wajen wata na 3 ko na 4. Ƙwallo kuwa sai wata 9 zuwa 12, kuma sai an auna ƙarfin ƙafar ya kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar, domin dasasshiyar agarar tana yin rauni a watannin farko kafin jiki ya mayar da ita tasa. Masu gaggawar komawa su suka fi sake tsinkewa. Za a ce maka ɗan ƙwallon Ghana Michael Essien ya tsinke tasa a 2008 a wasan Ghana da Libiya kuma ya dawo cikin kusan wata shida. Gaskiya ne, amma likitocin Chelsea suna kansa kullum, kuma duk da haka ciwon gwiwa ya hana shi zuwa gasar cin kofin duniya ta 2010.

Game da magani, farasitamol ya isa yawancin ranaku: giram 1, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, ba fiye da sau huɗu a yini ba. In akwai kumburi ana iya shan ibuprofen miligiram 400 sau uku a yini bayan cin abinci, na kwanaki kaɗan, amma ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, kuma kada a haɗa shi da diclofenac don danginsu ɗaya, haɗa su yana ƙona ciki. Tramol kuwa muna roƙonka ka nisance shi. Zai kashe zafin ka taka gwiwar fiye da ƙarfinta, ga kama mutum da yake yi, kuma ka san yadda ya lalata samari a unguwanninmu. Haka jiƙe-jiƙen ciwon gaɓɓai da ake sayarwa a kwalba ba tare da an san abin da ke ciki ba.

Sallah ka yi ta a kan kujera wurin sujada da tahiya, ka tsaya inda za ka iya tsayuwa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito ya ba da wannan sauƙi: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Kada ka danne gwiwar da ƙarfi don ka kai zaman tahiya. Tsugunon bayan gida shi ma yana matse bayan meniskus, in da hali ka yi amfani da na zama, in babu ka sami abin riƙewa kada ka nitse har ƙasa.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar ganin likita a kansu, sashen gaggawa ake nufa ranar. Idan gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa kamar an sa mata tsinke, wataƙila yagaggen meniskus ne ya shiga tsakani, kuma da wuri ake ceto shi. Idan ta yi ja, ta ɗau zafi, ga zazzaɓi, musamman ga mai sikila. Idan sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, don jini yana iya daskarewa a ƙafar da ta daɗe a ɗaure. Idan tafin ƙafa ya yi sanyi, ya dushe, ko ka kasa ɗaga yatsu sama.

Shi kuwa Baba, kada ka ja da shi, kuma kada ka kushe mai ɗorin a gabansa, tsoron kada ɗansa ya nakasa ne ke sa shi magana. Ka ce masa hoto ya nuna ƙashi lafiya, saura a duba jijiya, kuma zuwa wurin likita ba ya nufin an yarda a yi aiki, watanni uku na motsa jiki ne a gaba tukuna. Ka roƙe shi ya raka ka. In kun shiga, ka nemi likita ya yi gwajin a gabansa, ya fara da gwiwar hagu sannan ta dama, Baba ya ga da idonsa yadda ɗaya take tsayawa ɗaya take tahowa, ya kuma yi wa likitan tambayarsa ta lanƙwasuwar ƙafa da bakinsa.